Kazar Ƙarfen Yaya Kailu

Litinin, bayan la'asar

Yau na fara aikin furoje, shirin nan na gwamnati na canza ƙwan lantarki, yau kuma na fara jin haushinshi. Sun ɗauke ni don na iya karatu. Ba su tambayi inda na koya ba, ni ma ban ce musu a takardun ƙunsa ƙosai da bayan kwalayen magani ba ne. Aikin ba wuya. Ka zamna bakin tebur a rumfar meri, ofishin magajin gari, mutum ya kawo tsohon ƙwan lantarki, mai jan hasken nan mai zafi, ka karɓa ka ba shi sabo fari kyauta. Shugabanmu da anka turo daga Yamai, Mushe Zaidu kamar yadda ake kiran manya da Faransanci, ya ce layin da ke kawo wa Filinge wuta ya gaji. Gari ya cika da mutanen da sunka baro ƙauyukansu, kowa da waya, kowa da fanka, da magariba ta yi sai layi ya faɗi. Tsohon ƙwai, in ji shi, mafi yawan wutar da yake sha zafi yake maida ta, zafin banza. Gidan da ya canza duka nashi za a yi mishi rangwame wajen biya. Na nemi inda zan kushe maganar ban samu ba, shi ya fi ƙona min rai.

Sai dai wanda ya karanta sanarwar a rediyo cewa ya yi a kawo tsofaffin ƙwai a karɓi sababbi. Bai ce na lantarki ba. Kafin azahar sai ga wata tsohuwa daga can cikin Kurfai da ƙwarya cike da ƙwan kaji da sunka kwana biyu. Kamal, abokin teburina, ya yi dariya har ya shaƙe. Na nuna mata ƙwan gwamnati, ta jujjuya shi, ta ce, “To ɗana, wanga wace tsuntsuwa ta yi shi?” Na ce ta koma ta tambayi rediyo.

A gida na iske Safi, matar Yaya Kailu, tana juya ƙwai. Ba a kira ba.

Talata, da safe

Ba a kira ba. Na kira lambar Yaya, matar nan ta cikin waya ta ce in sake gwadawa. Wata rana sai na zage ta.

Laraba, da hantsi

Ruwa ya hana mutane zuwa, bari in rubuta batun kazar ƙarfe tunda hannuna ya ƙi zama.

Mataccen firigo ne, irin na sanyaya ruwa, Yaya ya jawo daga bayan wani shago. Ya huda mishi ƙofofin iska, ya jera tire, ya sa kwanon ruwa a ƙasa, ya ɗaura ƙwan lantarki masu zafi a sama. Zafinsu ke ƙyanƙyashe ƙwan zabi. Mutanen unguwa sunka yi ta mishi ba'a, Inna ta sa wa abin suna kazar ƙarfe. Bara da 'yan zabi sunka fito suna gudu a tsakar gida, masu ba'ar ne sunka fara zuwa saye. Bana ya cika tire duka. Kowane ƙwai ya yi mishi ɗigo da tawadar allo a gefe guda, don mai juyawa ya san wanda ya juya. Washegari ya ce zai leƙa wani ƙauye bayan Damana, an ce da sauran ƙwai masu kyau.

Motar ta dawo. Direba ya dawo. Kwandon ƙwan ma ya dawo, ko ɗaya bai fashe ba. Yaya ne waɗanda sunka tsaida motar a hanya ba su bari ya dawo ba.

Nan zan tsaya.

Shi ne ɗan farin Inna, kuma ita 'yar da ce, ba ta faɗin sunanshi, ba ta shiga ɗakinshi, ba ta tambayar ko ya ci. Tun ina yaro “wancan” take ce mishi. Mata na zuwa jaje tana yi musu zancen tsadar tumatir. Kunyar ɗan fari ke nan, ai. Wanda ya ƙago ta da zan gan shi da mun yi magana.

Juma'a, bayan masallaci

Kawun Safi ya zo daga Bonkuku, Kawu Magagi, shi ke tsaye a matsayin ubanta. Ba mugun mutum ba ne, da mugu ne da na samu sauƙi. Ya zamna a zaure ya yi ta jan gaisuwa, sannan ya ce uwar yarinya ba ta barci, kuma ba a barin ɗiya a gidan da ba a san ko aure take ko takaba ba. Da ya faɗi kalmar nan ta ƙarshe na miƙe. Inna ta dube ni, na koma na zamna.

Safi ta durƙusa daga bakin ƙofa. Ta ce amana anka bar mata, ƙwai na cikin zafi, in ta tafi ba mai juya su. Ta ce a bari su fashe. Kawu ya tambayi yaushe, ta ce ƙwan zabi wajen mako huɗu yake yi. Ya ce to, ran da sunka fashe zai dawo.

Yanzu kowa a gidan ga ya san lissafin, ko da ba mai faɗa. Muddin kazar ƙarfe na da zafi, Safi matar Yaya ce, tana ɗakinta, shi kuma tafiya ya yi. Ran da ta ɗaure kayanta ta bi Kawu, Inna za ta fara karɓar wata irin gaisuwa.

Asabar, da yamma

Ƙwan lantarki ɗaya ya ƙone cikin kazar. Na zaga kasuwa shago shago. Babu. Kowa ya kwashi nashi ya kai mana rumfar meri, ni da hannuna na karɓa. Wani mai shago har yana yi min wa'azi wai tsohon ƙwai ɓarnar wuta ne, ban ji rediyo ba? Na ce mishi ni ne rediyon.

Lahadi, da azahar

Zafi ya ragu, in ka sa hannu kana ji. Safi ta lulluɓe firigon da bargon aurensu.

Litinin, bayan la'asar

Tsofaffin da muke karɓa, da yamma ake zuba su cikin duro a daka da taɓarya gaban mutane, don kada su koma kasuwa. Kamal ke son dakan, yana yi yana rawa. Ni ina tsaye ina jin kowane fas a cikin haƙorana.

Kafin a zuba na zaɓi masu lafiya kaɗan na tura cikin aljihun wando. Ina juyawa sai ga Mushe Zaidu. Na shirya mishi baki, na shirya in ce ya kore ni in ya ga dama, in ce su mutanen Yamai ba su san komi ba ban da takarda. Sai ya ce in bi a hankali kada su fashe min a cinya, ban yi aure ba tukuna. Sannan ya tambaya ko na firigon zabin nan ne, an ba shi labari. Na ce i. Ya ce in sun ƙyanƙyashe in dawo mishi da su a daka.

Duk faɗan da na tanada ya rasa wurin zuwa. Da wa zan yi shi yanzu?

Laraba, da magariba

An ɗauke wuta tun hantsi. Munka yi ta dafa ruwa muna ɗurawa a kwalabe muna jerawa cikin kazar, in sun huce mu canza. Hayaƙi ya cika min ido. Safi ta ce in matsa, malamin kwali, ko hura wuta ban iya ba, wace mara rabo za ta aure ni. Na ce ai ina da mata, ga ta nan tana zagina. Ta ce ta fi ƙarfin mijin da ke satar ƙwan gwamnati a wando. Munka yi dariya, ta gaske, har Inna ta leƙo. Sai dariyar ta mutu haka nan, kamar mun yi ta a inda bai kamata ba.

Da wuta ta dawo na ji unguwa ta ɗauki ihun yara. Na tsaya ina kallon gidajen da har yanzu hasken ja ke fita tagoginsu, ina cewa a raina ku ne kuke kada mana layi, marasa tausayi. Sai na tuna wanda ya fi kowa ƙwai mai ja a unguwar.

Alhamis, da safe

Ba a kira ba. Wani ya ce wani ya ce an ga wani mai kama da shi. Na gaji da wani.

Asabar, bayan azahar

Munka rufe ɗaki ya yi duhu, munka haska ƙwan da tocilan waya ɗaya bayan ɗaya, yadda Yaya ke yi. Jijiyoyi ja sun bazu ciki kamar saiwar gero. A wani har na ga abu ya motsa. Safi ta riƙe shi ta ƙi ajiyewa, sai da na ce zai huce.

Tana maida shi ta ce, in sun fashe fa? Na ce ai shi muke so. Ta dube ni kamar ban da hankali. Sai da na fita na gane. In sun fashe Kawu zai zo. In sun mutu Kawu zai zo. Ashe duk gudun da nake yi, ranar nake gudu in tara.

Litinin, da hantsi

An aiko daga wajen jandarma. An kai wasu mutane babbar likita, asibitin Yamai, akwai wanda ba ya iya magana, ba takarda a jikinshi. Sun ce a je a duba. Ni da Safi za mu bi motar safe gobe.

Ba mai juya ƙwai sai Inna. Safi ta durƙusa ta yi mata bayani, safe da rana da yamma, ɗigon tawada sama sannan ƙasa, kada a bar ƙofa buɗe. Inna tana tsince wake, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce ita ba ta shiga ɗakin mutane. Safi ta ajiye mabuɗin kusa da faifan ta tashi.

Laraba, Yamai, da yamma

Ba shi ba ne.

Ɗan wani ne dai. Safi ta daɗe tsaye kanshi, har ta gyara mishi zane.

Alhamis, Balayara, da la'asar

An tare hanya, ba a faɗi dalili ba, ba mai tambaya. Muna rumfar wani mai shayi. Ruwa tun jiya bai tsaya ba, sanyi kamar ba damina ba. Safi ta ce ko Inna ta shiga? Na ce in ba ta shiga ba ma zafi na nan, juyi ne kawai za su rasa. Na kira maƙwabta, layi ba ya zuwa.

Mai shayin ya sa sabon ƙwan furoje a rumfarshi, yana ta yabonshi, wai ko ka taɓa shi ba ya ƙuna. Na ce na sani, ni ke raba su.

Asabar, da hantsi

Jiya munka iso gab da magariba. Ban iya rubutu jiya ba.

Tun daga ƙofar gida na ga haske na fita ta hudojin firigon. Fari fat. Safi ta gani lokacin da na gani. Ta ajiye jakarta a hankali, ta je ta buɗe, ta sa tafin hannu kan tire. Ni ma na sa. Kamar ka taɓa randa.

An juya ƙwan, duka, ɗigo na kallon gefe guda. An share ɗakin. An canza ruwan kwano. Takalman Yaya da ke watse tun ran da ya fita an jera su a gindin gado.

Inna ta zo ta tsaya daga waje, ba ta tsallako ba, kamar ba ita ce ta yi kwana uku tana shiga ba. Ta ce ƙwan lantarki ɗaya ya mutu ran da munka tafi, sauran kuma ta ga wutarsu ta yi ja, ta tsufa. Sai ta kwance su duka ta ƙulle a gefen zane ta tafi rumfar meri ta bi layi cikin ruwa.

“Na ce su ba ni waɗanda sunka fi wuta,” in ji ta. “Na wancan ne, na ce kada a ba ni na banza.”

Tana faɗa tana kallon ƙasa, kunya ta kama ta kamar an kama ta da laifi, amma bakinta na son yin murmushi. Tun da nake ban taɓa ganin ta yi wa Yaya wani abu a fili ba. Wannan ne na farko.

Ni da ba a gama magana ban mayar ba, na buɗe baki. Safi ta taka min ƙafa. Ta ce, “Sannu Inna, Allah ya saka. Sun yi haske.”

Saura ɗaya mai zafi da na ɓoye cikin takalmina na Juma'a. Da Inna ta shiga alwala na ɗaura shi, na bar farare biyu a kunne don kada ta lura.

Lahadi, da safe

Wuta. Ta murhu wuta, ta fitila wuta, ta waya wuta, ta lahira ma wuta. Kalma guda muka ɗora wa kaya kamar jakin kasuwa. Tsohuwa ta ce a ba ta mai wuta, an ba ta mai haske, ina laifinta? A duniyarta duk abin da ya fi haske ya fi ƙuna. Wa ya taɓa ganin garwashi fari mai sanyi?

Litinin, bayan azahar

Kamal ne ya ba ta. Ya tare ni da fara'a wai ya ga tsohuwarmu, har ya tsallakar da ita layi, ya zaɓa mata manya. Na kama wuyan rigarshi gaban mutane. Na ce ba ka tambaya na mene ne? Ya ce an ce mu tambaya? Na ce kai da duro ba ku da bambanci, abin da anka zuba muku kuke haɗiya. Na faɗi wasu abubuwan a kan uwarshi da ba zan maimaita ba. Mushe Zaidu ya raba mu, ya ce in je gida in huta.

A hanya na yi ta neman wanda zan ɗora wa. Rediyo. Furoje. Wanda ya tare hanyar Balayara. Waɗanda sunka tsaida motar farko. Har Yaya, da kwandon ƙwanshi na tsiya, tire cike amma sai ya ƙaro. Kowa na ɗora wa sai ya zame.

Laraba, da la'asar

Na iske ɗakin a rufe, Safi ciki da tocilan waya. Ta fito ta ce min ruwan kwano ya ƙare, in ɗebo. Shi ke nan abin da ta ce.

Da ta tafi maƙwabta na rufe ɗakin na haska ƙwan da kaina. Ba motsi.

Na ɗebo ruwan.

Alhamis, da safe

Tana juyawa safe da rana da yamma. Ni ma in na wuce ina sa hannu in ji zafi.

Asabar, da magariba

Yau kwana na nawa ba a ɗauke wuta da magariba ba, ban ƙirga ba, amma gari ya lura. Masu shaguna na ta shi wa furoje albarka. Matar da ke aiki ɗakin haihuwa ta zo rumfa ta ce sun daina karɓar jarirai da tocila a baki. Mushe Zaidu sai washe haƙora yake. Na koma aiki, na ba Kamal haƙuri da rabin baki, ya karɓa da rabin kunne.

Abin ya yi aiki. Ina son in tsane shi, ya ƙi tsayawa in tsane shi. Wuta ta zamna daram, ba ƙyaftawa, daidai lokacin da zamanta da rashinta duk ɗaya ne a gidanmu.

Litinin, da hantsi

Lokaci ya yi. Inna ta san lissafi, ta ƙirga da kasuwanni. Ta jawo tabarmarta kusa da bangon ɗakin, wai nan ya fi inuwa. Tana kaɗi, amma mazarin na tsayawa duk lokacin da wani abu ya yi ƙara. Jiya ɓera ne. Ta jiƙa tsakin gero ta shanya, ba ta ce na wa ba ne.

Talata, da yamma

Kawu Magagi ya kira wayata. Na ce mishi sanyin bana ya ja su baya, haka zabi suke, na karanta a littafi. Ya ce wane littafi? Na ce na Faransanci. Ya ce Allah ya ƙara ilimi. Zai zo Juma'a.

Laraba, da azahar

Na yi tunanin in sayo 'yan zabi kwana ɗaya in zuba ciki. Sai na tuna in sun fito ma tafiya za ta yi. Na yi tunanin in sayo sababbin ƙwai in ɗiga musu tawada, a sake sabon lissafi. Na gaya wa Safi. Ta ce Razaku, hannun yayanka ne a kan waɗannan, kai kuma ɗigonka ko makaho ya san na malamin kwali ne. Ba da wasa ta faɗa ba.

Alhamis, da safe

Ɗakin ya fara wari. Safi ta kunna turaren wuta. Yanzu yana warin abu biyu.

Akwai sunan da ake kiran irin ƙwan nan. Kowa ya san shi. Ba a gidan ga ba.

Juma'a, bayan la'asar

Kawu ya zo da jakar buhu babu komi ciki, ta zuba kaya. Na tare shi a zaure na fara zuba, kwana kaɗan ya rage, jiya ma mun ji motsi, zafi ne bai kai ba, in ya koma ya dawo mako mai zuwa. Yana ta gyaɗa kai. Ya ce to a nuna mishi wagga kaza da ta fi kowace kaza nawa.

Na tsaya a ƙofar ɗakin na ce buɗewa na kashe su. Sai Safi ta ce in kauce.

Ta buɗe firigon har iyaka. Warin ya fito tsakar gida, ba wanda ya toshe hanci, ba wanda ya dubi wani. Ta miƙa hannu ta zare wayar wuta daga bango. Fari da ja duk sunka mutu tare. Sannan ta zo ta durƙusa gaban Kawu.

Ta ce, “Kawu, sun mutu tuni. Na sani, Razaku ya sani. Ka yi haƙuri da ƙaryar da yaron ga ya yi maka, don ni ya yi.”

Kawu ya ce ba komi, shi ma ya yi kiwon zabi, tun daga zaure hancinshi ya gaya mishi. Ya ce to amana ta ƙare, ta ɗauko kayanta kafin a rufe hanya.

“Ba su nake jira ba,” in ji ta.

Ya ce ya sani. Ya ce shi ya sa ya zo. Ya yi magana mai tsawo, a hankali, kan uwarta, kan ƙuruciyarta, kan mata nawa ne yanzu a ƙasarsu ta Imanan ke zaune haka, wasu shekara ta zagayo. Ya ce ba cewa ya yi an gama ba, ta zo ta jira a gida cikin 'yan uwanta. Gaskiya ban samu ƙarya cikin maganarshi ba, kuma na nema.

Ta ce in ta jira a Bonkuku, nan gidan za a ce an gama. Ya ce to har yaushe? Ta ba shi rana ya kai wa uwarta.

“Ban da rana, Kawu. Wadda na ba ka da farko ma ɓuya na yi bayanta. Ka ce mata ina ɗakina.”

Kawu ya juya wajen Inna, ya ce Tambara, ke ce babba, ki sa baki. Inna ta ce ita ba ta shiga maganar mutane. Amma ta tashi ta ɗauki jakar buhun da ya zo da ita, ta shiga rumbu, ta cika ta da gero, ta ɗaure baki ta ajiye gabanshi. Ta ce a gaida mutanen gida.

Ya daɗe yana kallon jakar. Sannan ya ce min, kai mai littafin Faransanci, ɗauko ka raka ni tasha. Na kai shi tasha, ya shiga mota. Ya ce in wani abu ya samu, ko wane iri, shi za a fara kira. Na ce to.

Asabar, da hantsi

Na haƙa rami bayan gida gindin aduwa. Ina ɗauko tiren ƙarshe Inna ta tare ni a lungu. Ta dubi ƙwan, ta dubi bayana ko Safi na kusa. Ta rage murya.

“Na gwamnatin nan ne, ko? Da na sa.”

Na ce a'a Inna, sanyin damina ne, ko'ina haka anka yi bana.

Ta ce, “Kai dai bakinka na faɗa ne, ƙarya ba ta zamna mishi ba.” Ta ɗauki guda, ta shafa ɗigon da babban yatsa, ta maida. Ta ce in zurfafa ramin saboda karnuka.

Na zurfafa.

Asabar, da la'asar

Na kai wa Mushe Zaidu ƙwanshi mai ja. Ya tambaya sun ƙyanƙyashe? Na ce ka daka kawai. Bai ƙara tambaya ba.

Ba a kira ba.

Safi na daka. Daga nan ina jin turmin.